Amfilifaya na cewa ta yi zafi alhali jikinta da sanyi: yadda ake gano inda matsalar take

A gidan biki, gidan kallon ƙwallo, masallacin unguwa ko cikin mota, akwai wata 'yar jar fitila a gaban amfilifaya da babu mai son ganin ta kama. Wasu kamfanoni na rubuta PROTECT a ƙarƙashinta, wasu kuma TEMP ko THERMAL. Da zarar ta kama sai a ji ƙas daga cikin akwatin, sauti ya ɗauke ɗif. Idan na'urar ta yini tana aiki a cikin rana har jikinta ya yi jau, wannan ba abin mamaki ba ne, aikin da aka ɗora wa fitilar ke nan. Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne a kunna amfilifaya da sassafe, ko waƙa ɗaya ba ta yi ba, jikinta da sanyi kamar randa, amma ta nace cewa ta yi zafi.

Maganin da aka fi yi wa wannan matsala a gurguje shi ne a buɗe akwatin a tsinke wayar sensa, ko a haɗe ƙafafunsa biyu, fitila ta mutu, sauti ya dawo, kowa ya yi murna. Sai dai wannan gyara na iya zama mafi tsada da mai na'urar zai taɓa biya, domin ranar da zafin gaske ya zo babu abin da zai tsayar da ita. Taransistoci za su ƙone, kuma sau da yawa sukan tafi da lasifika. Ga matashin da ke yin DJ ko yake ba da hayar kayan sauti, wannan jarinsa ne gaba ɗaya.

Abin da ya kamata a fahimta tun farko shi ne, fitilar ba ta jin zafi da kanta. Saƙo ne ake kawo mata daga wani ɗan ƙaramin sensa, ta cikin waya da dalma da rezistoci da ai-si. Duk inda aka samu tangarɗa a wannan hanya, saƙon na iya isowa a karkace. Aikin mai bincike shi ne ya bi hanyar daki-daki har ya kama inda labarin ya sauya.

Daga ina zafin yake fitowa?

Amfilifaya na karɓar ɗan siririn sauti daga waya, mikisa ko makirufo, ta ƙara masa ƙarfin da zai iya girgiza lasifika. Ba duk wutar da ta sha take mayarwa sauti ba. Irin waɗanda ake kira Class AB, wato manyan masu nauyi da aka saba gani wurin masu kiɗan biki, ko a lissafin takarda ba sa wuce kashi 78.5 cikin 100, a aikace kuwa sukan tsaya wajen rabi zuwa kashi 60 da wani abu. Sauran wutar zafi take komawa. Na zamani da ake kira Class D, waɗanda ke cikin lasifikokin Bluetooth da ƙananan fanel masu arha, suna kaiwa wajen kashi 90, shi ya sa ba su da nauyi kuma ba sa buƙatar babban ƙarfe.

Wannan zafi a cikin taransistocin fitar da sauti yake taruwa. Sanannun biyun nan na kamfanin Toshiba, 2SC5200 da 2SA1943, da ke cikin ɗimbin amfilifayoyin da ake sayarwa a kasuwar Sabon Gari ta Kano da Alaba ta Legas, iyakar zafin da cikinsu zai jure shi ne digiri 150 a ma'aunin Selshiyos. Don haka ake ɗaure su a jikin wani ƙarfen alminiyam mai haƙora, wanda masu gyara ke kira hitsink, a kuma sa fanka ta riƙa hura shi. Tun da cikin taransisto ya fi hitsink zafi nesa ba kusa ba, masu ƙira kan saita kariya ta katse aiki tun hitsink na wajen digiri 80 zuwa 90.

Lissafin da ke tona asirin ƙarya

Akwai wani ɗan lissafi da ke taimakawa wajen rarrabe zafin gaske da na ƙarya. Kilo ɗaya na alminiyam na buƙatar jul 900 kafin zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya. Kenan ɗaga hitsink mai kilo ɗaya daga digiri 30 zuwa 80 na cin jul 45,000. Ko da taransistoci na zuba masa zafin wat 100 ba ƙaƙƙautawa, kuma babu ko ɗigon iska da ke rage masa, sai ya ɗauki daƙiƙa 450, wato minti bakwai da rabi.

Saboda haka lokaci shi ne shaida ta farko. Amfilifayar da ta kwana a kashe, aka kunna ta, cikin daƙiƙa uku ta nuna zafi, to ba hitsink ne ya yi zafi ba. Wadda kuma take aiki lafiya na rabin sa'a kafin ta ɗauke, ta huta minti goma ta dawo da kanta, wannan akwai alamar gaskiya take faɗa. Akwai kuma ta uku, mai ɗaukewa ba tare da wani tsari ba: yau bayan minti biyu, gobe bayan sa'a biyu, wani lokacin idan an motsa tebur ko bas ya buga da ƙarfi. Irin wannan ta fi nuna dalmar da ta tsage ko soket da ya saki.

Sensa iri huɗu, kowanne da irin ƙaryarsa

Na farko shi ne makunnin ƙarfe biyu, wani ɗan abu mai kama da maɓallin riga ko ƙaramin ƙulli da ake ɗaure shi a jikin hitsink, irin su KSD301 da KSD9700. A cikinsa akwai faranti na ƙarfe iri biyu da aka manne, wanda ke lanƙwashewa idan zafi ya kai adadin da aka buga a jikinsa, misali 85. Yawancinsu a rufe suke idan da sanyi, su buɗe idan sun yi zafi. Idan bakin haɗuwarsa ya yi tsatsa ko wayarsa ta zame, na'urar za ta ɗauka ya buɗe ne saboda zafi.

Na biyu shi ne tamisto nau'in NTC, ɗan ƙwaya kamar kan ashana, wanda juriyarsa ga wuta ke raguwa yayin da zafi ke ƙaruwa. Wanda aka fi samu shi ne mai om 10,000 a digiri 25. Ga irin wanda lambar B ɗinsa take 3950, a digiri 40 yana komawa wajen om 5,300, a digiri 50 wajen 3,600, a digiri 85 kuma wajen 1,100. Tun da ƙarancin juriya shi ne alamar zafi a wurinsa, duk abin da ya samar wa wuta wata hanyar ratse, kamar danshi, ƙura mai laima ko wayar da ta goge ta taɓa ƙarfe, zai sa a ɗauka hitsink na tafasa.

Na uku shi ne PTC, wanda ke aiki da akasin haka. Juriyarsa ƙarama ce idan da sanyi, sai ta yi tsalle sama da zarar an kai wani digiri. A wurinsa, wayar da ta katse ko dalmar da ta tsage daidai take da zafi mai tsanani. Wannan na cikin dalilan da suka sa ake yawan samun ƙaryar zafi a tsofaffin na'urori, domin dalmar da ke kusa da hitsink ta sha faɗaɗa da tsukewa sau dubbai.

Na huɗu a cikin ai-si ɗin kansa yake. TDA7294 na kamfanin STMicroelectronics na yin shiru idan cikinsa ya kai digiri 145, ya kwanta gaba ɗaya a 150. LM3886 na katsewa a wajen 165 ya dawo a wajen 155. TPA3116D2 na Texas Instruments, wanda ke kan ƙananan fanel na Class D masu yawa, na ɗaukewa a wajen 150. Irin wannan sensa ba a canza shi shi kaɗai, kuma ba kasafai yake ƙarya ba. Idan ya ce da zafi, yawanci da zafin.

Fitila ɗaya, laifi da yawa

Kafin a zargi sensa, a tuna cewa a yawancin amfilifayoyi fitila ɗaya ce ke wakiltar matsaloli daban-daban. Akwai wani ɗan ai-si mai ƙafa takwas, µPC1237 na kamfanin NEC, da takwaransa TA7317P na Toshiba, da ake sa su gadin lasifika. Su ne ke jinkirta haɗa lasifika na 'yan daƙiƙu bayan an kunna, su ne kuma ke sakin rile idan sun ga wutar DC a mafitar sauti ko nauyi ya yi yawa. Sau da yawa a hanyarsu ake jona sensan zafi. Mai na'ura na iya ganin PROTECT ya ce zafi ne, alhali ba maganar zafi ake yi ba.

Don haka akwai abubuwa huɗu da ake dubawa ba tare da an kwance ko sukuru ɗaya ba.

Na ɗaya, a kashe, a cire duk wayoyin lasifika da na shigar sauti, sannan a sake kunnawa. Idan fitilar ta mutu, laifin na waje ne. Silin waya guda ɗaya da ya taɓa ɗan'uwansa a bayan akwati ya isa ya jawo wannan.

Na biyu, a lissafa nauyin lasifika. Lasifika biyu masu om 8 da aka haɗa kai da kai, gindi da gindi, suna komawa om 4. Guda huɗu kuma om 2. Amfilifayar da aka rubuta mata om 4 a matsayin mafi ƙanƙanta za ta yi zafin gaske a kan om 2, komai lafiyarta. Idan an auna lasifika mai om 8 da mita, a sa ran ganin wajen 6 zuwa 7, wannan daidai ne. A amfilifayoyin hon na masallatai da makarantu, irin na Ahuja da TOA, akwai mafita daban-daban a baya: na om 4, 8, 16, da kuma layin bolt 70 ko 100. Jona hon marar taransifoma a layin bolt 100 kuskure ne da ke wahalar da na'ura ƙwarai.

Na uku, a auna wutar da ke shigowa. Ma'aunin wutar gida a Nijeriya bolt 230 ne, amma kowa ya san yadda take faɗuwa da daddare, ko yadda ƙaramin janareta ke nishi idan bas ya buga. Amfilifayoyi da dama, musamman marasa nauyi, na shiga kariya idan wuta ta yi ƙasa. A mota kuma, batirin da ke faɗuwa zuwa wajen bolt 10 ko wayar at da aka ɗaure a kan fenti na kunna fitilar nan ba tare da wani zafi ba.

Na huɗu, a saurari fanka, a haska tocilan cikin ramukan iska. Bayan watannin hunturu, ƙura kan toshe haƙoran hitsink kamar bargo. Sannan wasu na'urorin zamani na amfani da fanka mai waya uku, inda ta ukun ke shaida wa kwakwalwar na'urar saurin juyawa. Idan aka taɓa canza ta da mai waya biyu, fanka za ta riƙa juyawa sarai amma na'urar na iya ɗauka ta tsaya.

Kafin a buɗe akwatin

Cikin amfilifaya ba kamar cikin wayar hannu ba ne. Manyan kafasitocin da ke ciki na riƙe wuta bayan an zare fulogi. Guda ɗaya mai maikurofarad 10,000 da aka cika zuwa bolt 80 na ɗauke da jul 32, abin da ya isa ya narkar da bakin sukundireba ya watsa tartsatsi. A marasa nauyi masu wutar SMPS, ɓangaren farko na riƙe wajen bolt 325, wanda ke iya kisa, kuma wasu hitsink ɗin da ke wannan ɓangare su ma wuta ce a jikinsu. Masu gyara na zare fulogi, su sauke wutar kafasito ta cikin rezisto ko ƙwan fitila, su auna su tabbatar ta sauka, sannan su sa hannu. Wanda bai taɓa koyon wannan a gaban wani ba, ya tsaya a binciken waje, ya kai wa mai gyaran rediyo. Sanin matakan da ke tafe zai amfane shi duk da haka, domin zai gane ko gyara ake yi masa ko rufa-rufa.

Wata dabara da ƙwararru ba sa rabuwa da ita ita ce jona ƙwan fitila irin na da, mai zare, na wat 60 zuwa 100, a jere da wutar da ke shiga na'urar. Idan komai lafiya, ƙwan zai yi haske na ɗan lokaci ya dushe. Idan ya tsaya da haske, wani abu na zuƙar wuta fiye da ƙima. Ƙwan LED ba ya wannan aiki.

Bin sawun saƙon

Matakin farko a ciki shi ne auna DC a mafitar sauti, kafin rile, ba tare da lasifika ba. Lafiyayyar amfilifayar Class AB kan nuna ƙasa da milibolt 50. Idan mita ta nuna bolt ɗaya ko fiye, balle ta nuna bolt 40 ko 60, an gama magana: galibi taransisto ne ya lalace, kuma kariya ce ta ceci lasifika. Ba maganar sensa ba ce.

Idan nan lafiya, sai a auna zafin hitsink na gaskiya. Mitoci da yawa na zuwa da wayar awon zafi nau'in K, ita ce ta fi dacewa. Bindigar awon zafi mai jan haske na yin kuskure a kan alminiyam mai sheƙi, takan nuna ƙasa da gaskiya sosai, sai an manna ɗan baƙin salatif a wurin a auna a kansa.

Daga nan sai sensa. A kashe wuta, a zare soket ɗinsa ko a ɗaga ƙafa ɗaya, domin auna shi a kan fanel na ba da lamba ta ƙarya. Makunnin ƙarfe biyu mai rufewa ya kamata ya nuna kusan sifiri. Tamiston NTC kuma ya nuna abin da ya dace da zafin ɗakin. A nan ne masu koyo ke yawan ruɗewa: a shagon da ke Kano, Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, inda zafi ke kai digiri 40, lafiyayyen tamisto mai om 10,000 zai nuna wajen 5,300. Wanda ya ga haka ya ce ya lalace, ya jefar da lafiyayyen kaya. Gwajin da ya fi wannan shi ne a kusanto masa da ƙarfen narka dalma ba tare da an taɓa shi ba, ana kallon mita. Lambar ta riƙa sauka a hankali ba tsalle, ta kuma riƙa hawa idan an janye. Wanda ke tsalle-tsalle, ko yake sauya lamba idan an ɗan motsa wayarsa, ya tsage daga ciki.

Idan sensa ya ci jarrabawa, a mayar da shi a auna bolt ɗin da ke fita daga gare shi. Tsarin da aka saba shi ne a jera shi da wani rezisto su raba wuta. Misali, bolt 5 ta sama, rezisto mai om 10,000, sannan tamisto a ƙasa: a digiri 25 tsakiyarsu za ta nuna bolt 2.5, a digiri 40 wajen 1.7, a digiri 85 wajen 0.5. Idan hitsink da sanyi amma tsakiyar na nuna 0.2, to ko dai reziston sama ya buɗe ko ƙimarsa ta hau, ko ɗan kafasiton da ke gefen tamisto na yoyon wuta, ko datti ya yi gada a kan fanel. A wasu na'urorin tamisto ne a sama, sai lambobin su juya, shi ya sa samun zanen na'urar ke rage wahala.

Wannan bolt na tafiya ne zuwa wani ai-si mai kwatantawa, galibi LM393, LM339 ko LM358, wanda ke gwada shi da wani tsayayyen bolt da aka ajiye a matsayin iyaka. Idan iyakar ce ta gusa, saboda zena dayod ya gaji ko kafasiton tace wuta ya bushe, lafiyayyen sensa ma zai zama mai laifi. Don haka ake auna ƙafafun shiga biyu da ta fita. Idan na shiga sun ce sanyi, ta fita ta ce zafi, ai-si ɗin ne ya mutu, kuma yana cikin mafi arhar kayan da ke kan fanel.

Ga mai ɗaukewa jefi-jefi, sandar biro ta roba ta fi mita amfani. Ana ɗan ƙwanƙwasa soket-soket da gefen fanel da ita ana kallon fitila. Inda ta yi ƙyafta, nan ne. Dalmar da ta tsage kan nuna wani siririn zobe kewaye da ƙafar kaya. A kuma duba kashin kyankyaso, gawar tsaka, da wani tsohon gam mai ruwan ƙasa da ake samu a na'urorin shekarun 1970 da 1980, wanda idan ya tsufa yakan ci ƙarfe ya kuma fara wuce da wuta. Ƙurar hunturu da ta kwanta ta sha laimar damina ita ma haka take yi. Buroshi da sipirit na goge fanel sun warkar da amfilifayoyi da yawa.

Akwai gwajin ƙarshe da ke raba gardama: a cire tamisto a sa rezisto mai ƙima daidai da tasa ta sanyi, a kan teburin gyara, ba lasifika, na 'yan mintuna. Idan fitila ta mutu, laifin na sensa ne ko wayarsa. Idan ta ci gaba da ci, laifin na gaba. Gwaji ne kawai, ba a rufe akwati da wannan rezisto a ciki.

Zafin gaske mai kama da ƙarya

Lissafin hitsink da aka yi a baya yana da iyaka guda: yana aiki ne idan zafin na isa hitsink ɗin. Ai-si ko taransiston da sukurunsa ya saki, ko farin man da ke tsakaninsa da ƙarfe ya bushe ya zama gari, na iya kaiwa digiri 150 cikin daƙiƙu alhali hitsink na nan da sanyinsa. Wannan ya zama ruwan dare a ƙananan fanel na TPA3116D2, inda ɗan hitsink ke zaune a kan ai-si da sukuru biyu kacal.

Haka kuma amfilifaya na iya yin wani kuka mai tsananin siranta da kunne ba ya ji, sama da has 20,000, ta riƙa ƙona wuta ba a jin komai. Alamarsa ita ce wani rezisto mai wajen om 10 da ke jere da ƙaramin kafasito kusa da mafitar sauti ya yi baƙi, ko tiwita ta riƙa ƙonewa ba dalili. Sannan akwai wani ƙaramin taransisto da ake mannawa a hitsink don daidaita wutar zaman banza ta manyan. Shi ba na kariya ba ne, amma idan ya rabu da ƙarfen, manyan za su riƙa ƙara zafi suna ƙara shan wuta har su hallaka. Jabun taransistoci ma na cikin wannan sahu, domin ƙwayar da ke cikinsu ta fi ta asali ƙanƙanta, tana kuma zafi da wuri. A duk waɗannan, wanda ya tsinke sensa ya kashe mai faɗa masa gaskiya ne.

Inda wayar hannu ke shigowa

Wayar da ke aljihu na rage rabin wahalar wannan aiki. Ɗaukar hoton kowane soket kafin a zare shi na hana mayar da waya inda ba nan ba. Kyamara idan an zuƙo hoto, aka kunna fitila daga gefe, na nuna tsagewar dalma da ido ba ya gani. Na'urorin da ke ƙyafta fitila sau biyu, uku ko biyar don nuna nau'in matsala, bidiyo mai tafiyar hawainiya na sa a ƙirga daidai, sannan a nemi ma'anar a littafin na'urar. Rubuta lambar da ke jikin ai-si a Google tare da kalmar datasheet na fito da takardar da ke nuna aikin kowace ƙafa. Manhajar fitar da sauti mai tsayayyen amo, kamar has 1,000, na ba da damar gwaji da murya ƙasa-ƙasa.

Akwai kuma kyamarorin ganin zafi da ake sokawa a ramin caji, irin su FLIR One da Seek Thermal, da wayoyin da ke zuwa da ita a jiki, waɗanda Cat S60 ta 2016 ta buɗe wa hanya. Da su ana ganin wane taransisto ne ya fi 'yan'uwansa zafi cikin daƙiƙu. Amma manhajojin da ke cewa za su mayar da kyamarar kowace waya ta ganin zafi launi kawai suke shafa wa hoto, ba abin da suke aunawa.

Ita kanta wayar da irin wannan tamisto take lura da batirinta. Saƙon da ke cewa an dakatar da caji saboda zafi ko sanyin batiri, alhali wayar lafiya lau take a hannu, sau da yawa daga tamiston da ruwa ya taɓa ko fanel ɗin caji da ya yi tsatsa yake fitowa. Cutar ɗaya ce, hanyar binciken ma ɗaya ce.

Abin da za a tambayi mai gyara

Idan an karɓo amfilifaya daga gyara, tambaya uku sun isa. Wane kaya aka canza, kuma ina tsohon? Sabon sensan ƙimarsa ɗaya da na da, wato digirin da ke jikin makunni, ko om da lambar B na tamisto? Sannan an gwada an ga kariyar na aiki? Gwajin ba shi da wuya: a hura wa sensa iska mai zafi a ga na'urar ta ɗauke, a bari ya huce a ga ta dawo. Wanda ya yi aiki na gaskiya ba zai ƙi nuna wannan ba.

Bayan haka sai kiyayewa. A bar sarari a gaba da bayan akwati, kada a kifa mata kyalle don gudun ƙura tana cikin aiki, kada a ajiye ta a rana a filin biki, a kuma busa mata ƙura ko da sau ɗaya ne bayan hunturu, kafin zafin bazara ya shigo. Amfilifayar da ke aiki a ɗaki mai digiri 40 ta riga ta rasa digiri 15 daga sararin da take da shi a ɗaki mai 25, don haka a watannin Maris zuwa Mayu rage murya kaɗan da rage yawan lasifika a kan kowane layi na iya zama bambanci tsakanin a tashi taro lafiya da a koma gida da ƙonannen kaya.